Kogo Ba Ya Warkewa, Don Haka Ba a Shigarsa Sai da Ja-gora

Jama'ar Karaye da Rogo da sauran garuruwan da muryarmu ke kaiwa, iyayenmu da malamanmu da 'yan makaranta, barkanmu da war haka. Yau shirin namu ƙarƙashin ƙasa zai nufa. A ƙasashe da dama akwai manyan kogwanni na dutsen farar ƙasa waɗanda aka buɗe wa masu yawon buɗe ido, aka shimfiɗa musu hanya, aka ja musu wuta, aka sa ƙofa da kwaɗo. Wanda ya je sai ya yanki tikiti, ya jira a haɗa shi da ayari, wani ma'aikaci ya shige gaba ya ce a bi shi, kada a taɓa komai, kada a kauce daga hanya. Mutane da yawa suna ganin wannan takura ce, ko kuwa wayon karɓe kuɗin baƙo. Ni ra'ayina ya saɓa da haka. Ina ganin tsarin ja-gora shi kaɗai ne ya sa ake iya ganin irin waɗannan wurare har su ɗore, kuma ina ganin ya kamata mu ɗauki tsarin mu yi aiki da shi a kan namu duwatsun tun ba mu makara ba. Zan kawo hujjojina, kuma ba zan tsallake ƙorafin da na san masu sauraro za su yi ba.

Mu fara da dutsen kansa. Dutsen farar ƙasa shi ne wanda ake fasawa a ƙona a yi siminti. Asalinsa laka ce da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka taru a gindin teku suka daskare. A Kalambaina ta Sakkwato, inda kamfanin siminti ya fara aiki tun cikin shekarun 1960, akwai shi shimfiɗe, kuma masana ƙasa sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce kwance a wajen, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa a cikin dutsen. Akwai shi a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, da Ashaka ta Gombe, da Mfamosing ta Kuros Riba. Wannan dutse yana da rauni guda: ruwa na cin sa. Ruwan sama idan ya sauko yakan kwashi iskar kabon daga sararin sama, ya ƙara kwasar wata mai yawa a cikin ƙasa inda saiwoyi ke numfashi ganye ke ruɓewa, sai ya ɗan yi tsami, tsamin da harshe ma ba zai ji ba. Wannan ruwa ne ke bin tsagar dutsen yana narkar da shi kaɗan-kaɗan. Tsaga ta zama rami, rami ya zama lungu, lungu ya zama zaure mai faɗi, duk a cikin duhu, a tsawon dubban ɗaruruwan shekaru. In ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja ya yi ƙasa, sai ya bar waɗannan zauruka fayau, iska ta shiga.

Daga nan ne kwalliyar ke farawa. Ruwan da ya jiƙa da narkakken dutse yana tsattsafowa ta rufin kogo, ɗigo ya tsaya yana reto, iskar kabon da ke cikinsa ta fice, sai ya ajiye ɗan ƙwayar farin dutse kafin ya faɗi. Duk wanda ya taɓa leƙa gindin butar mai shayi ya ga farin abin nan da ke kamawa yana kauri, ya ga ƙanen wannan aiki. Ɗigo bayan ɗigo, sai tsini ya riƙa saukowa daga rufi, wani kuma ya riƙa tasowa daga ƙasa daidai inda ɗigon ke faɗa. Wata rana su haɗu su zama ginshiƙi. A wani wurin ruwan yakan bi gefen bango ya bar wani abu mai faɗi, siriri har haske na ratsa shi. To ga abin da nake so a riƙe: a mafi yawan kogwanni, wannan tsini yakan ci shekara 1,000 kafin ya ƙara tsawon santimita 10 ko abin da ya yi kusa da haka. Ke nan guntun da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda yaro zai ƙarya cikin ƙiftawar ido ya sa a aljihu, yana iya kasancewa ya fara tsirowa tun kafin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya hau gadon sarauta a 1463. Bishiya in an sare ta takan yi toho, fadama in an ƙone ta damina ɗaya ta ishe ta farfaɗowa, amma kogo ba shi da wannan gata. Ko shafa hannu ma illa ce, domin maiƙon da ke jikin fata yakan toshe fuskar dutsen, ruwa ya daina ajiye abin da ya ɗauko, wurin ya dushe ya yi baƙi. Kogon Postojna na ƙasar Sulobeniya shaida ne. A 1944 sojojin Jamus sun ajiye gangunan man jirgin sama a bakinsa, mayaƙan sa-kai suka cinna musu wuta, ta yi kwana bakwai tana ci. Yau shekara 80 da 'yan kai, bangon wajen yana nan baƙi ƙirin.

Bari mu ɗan tsaya a wannan kogo na Postojna mu ga yadda ziyarar take, domin yana cikin waɗanda suka daɗe da tsari. Tsawon lungunansa ya kai kilomita 24, amma baƙo kusan 5 kaɗai ake nuna masa. An buɗe shi ga jama'a a 1819, aka shimfiɗa layin dogo a cikinsa a 1872, aka sa masa wutar lantarki a 1884. Mai ziyara yakan zo da rigar sanyi ko da bazara ake yi a waje, saboda ciki ba ya wuce digiri 10 rani da damina. Sai a zauna a ɗan jirgin ƙasa marar rufi, ya kutsa cikin dutse, iska mai danshi na bugun fuska, tsinayen rufi na wucewa dab da kai. Inda jirgin ya tsaya sai ja-gora ya kira ayarinsa, ya ƙirga su, ya shige gaba. Hanya siminti ce da aka yi mata kaushi don kada a zame, da ƙarfen dafawa a gefe. Ya tsaya a gaban ginshiƙi ya faɗi yadda ya samu, ya nuna bambancin farin dutse da jan da ƙarfe ya rina, ya ja hankalin wanda ya miƙa hannu. Akwai wata halitta a ruwan kogon, doguwa, fara sol, makauniya, wadda kan yi shekaru ba ta ci abinci ba. Ita ma a cikin akwatin gilashi mai ƙarancin haske ake nuna ta, kuma ba a yarda a haska mata fitilar hoto. Cikin sa'a ɗaya da rabi an fito, ja-gora ya sake ƙirga mutanensa. Miliyoyin mutane sun bi wannan hanya, kuma abin da kakanninsu suka gani shi jikoki ke gani. In da kowa gaban kansa yake shiga, da yanzu ba a bar komai ba sai rami.

Wani zai ce, to in abin yana da rauni haka, me ya sa za a buɗe shi tun farko? A rufe mana, kowa ya huta. Wannan magana ba ta banza ba ce, kuma mai yin ta yana da babbar hujja a Faransa. A 1940 wasu samari suka gano kogon Lascaux, cike da zanen dawakai da shanu da barewa na mutanen da suka rayu shekara kusan 17,000 da suka wuce. Aka buɗe shi a 1948. Ba a jima ba mutum sama da 1,000 ke shiga a rana. Ba wanda ya fasa bango, ba wanda ya kankare zane. Numfashi ne kawai da ɗumin jiki da hasken fitila. Iskar kabon ta taru, danshi ya canja, gansakuka ta fara cin zanen, dole aka rufe shi a 1963. Sai a 1983 aka buɗe wani na kwaikwayo a kusa, aka riƙa kai baƙi can. Haka aka yi da kogon Altamira a Sifen. Da aka gano kogon Chauvet a 1994 kuwa, ba a ma yarda an buɗe shi ba ko sau ɗaya. Na yarda da wannan hukunci ɗari bisa ɗari. Amma a lura da abin da ya faru: masu kula ne suka auna iska, suka ga kore a bango, suka ce a tsaya. Inda ba mai kula, ba wanda zai san an kai maƙura sai bayan zanen ya tafi. Kuma rufewa ba ta aiki sai inda akwai mai gadi da albashi da doka mai haƙora. A ƙasarmu, wurin da aka ce an rufe amma ba kowa a bakinsa, sunansa wurin da aka sake wa kowa.

Kogon Cango na Afirka ta Kudu ya nuna abin da sakewa ke haifarwa. Bayan Turawa sun san da shi a 1780, baƙi suka riƙa shiga da tocilan wuta suna ƙarya tsinaye su tafi da su tsaraba, suna rubuta sunayensu a bango. Ɓarnar ta kai gwamnan lokacin, Lord Charles Somerset, ya kafa doka a 1820 wadda ta hana ɗaukar komai, ta sa tara, ta kuma sa kuɗin shiga. Daga baya aka naɗa ja-gora na dindindin. Yau an raba kogon: sashen farko ana shiga ayari-ayari a kan lokaci, sassan da aka gano a shekarun 1970 kuwa an bar su a rufe, masu bincike kaɗai ke leƙawa. An daina taron kiɗa da ake yi a babban zaurensa saboda ɓarnar da ake yi a fake da cunkoso. Wannan shi ne matsakaicin da nake kare wa: a sadaukar da kaɗan cikin tsari, kuɗin da kaɗan ɗin ya kawo ya tsare sauran.

Ba kogon kaɗai ja-gora ke tsarewa ba, har da ran baƙon. A watan Yuni na 2018 yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su suka shiga kogon Tham Luang a Tailan don yawo na ɗan lokaci. Ruwan sama ya sauka a kan tsaunin, lungunan suka cika a bayansu. Sai bayan kwana tara masu ninƙaya suka iske su, kuma ba a gama fito da su ba sai 10 ga Yuli, bayan wani tsohon sojan ruwa ya rasa ransa a aikin ceton. Dutsen farar ƙasa haka yake: ruwan da ya sassaƙa shi bai bar hanyarsa ba, in hadari ya zubar a nesa zai iya riskar mutum a ciki alhali bai ji ko tsawa ba. Sai kuma jemagu. Busasshen kashinsu yana ɗauke da wata fumfuna wadda in aka shaƙi ƙurarta takan kama huhu. A Yuganda kuma, a 2008, wata 'yar ƙasar Holan ta kamu da cutar Marburg bayan ta shiga wani kogon jemagu a dajin Maramagambo, ta koma gida ta rasu. Wannan ba dalilin kashe jemage ba ne, domin yana cinye ƙwari yana kuma yaɗa irin itatuwa. Dalili ne na a sami wanda ya san wane lungu ake shiga, wane wata ake ƙaurace wa wurin, da kuma inda maciji ko kunama ke fakewa.

Yanzu ga ƙorafin da na fi tsammani daga mutanen gida: Malam, duk wannan labarin ƙasashen waje ne, mu ina muka ga kogon farar ƙasa a Karaye? Gaskiya ne, ba mu da shi, kuma ba za mu yi shi ba. Ƙasar Karaye da Rogo a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, giranet da danginsa, irin wanda masu haƙar rijiya ke cin karo da shi su ce sun kai fa, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. Ruwa ba ya narkar da shi yadda yake narkar da farar ƙasa. Abin da yake ba mu shi ne falalen dutse, da tsaunuka masu sanƙo, da manyan duwatsu da suka jingina da juna suka bar mafaka a ƙarƙashi. Amma a irin wannan mafaka ce ake samun abin da ya fi tsinin kogo saurin lalacewa. A Birnin Kudu ta Jigawa, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu da aka yi da jan launi a jikin dutse, shanu marasa tozo, waɗanda ba su ne muke kiwo a yau ba. Akwai kuma duwatsun da in an buga su suke amo. Wani mai bincike, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, kuma suna cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana. Akwai irin wannan zane a Geji da kuma Shira a Jihar Bauchi. A cikin dajin Yankari akwai ɗakuna 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutsen yashi, waɗanda wani mai bincike, P. J. Marshall, ya bayyana a 1980, ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin hare-hare. A Ogbunike ta Anambra sai an sauka matakala 317 kafin a kai bakin kogo, kuma al'adar garin ta ce a tuɓe takalmi. Zanen da ya jure rana da iska na ɗaruruwan shekaru, ɗalibi ɗaya da gawayi ko ƙusa ya ishe shi. Wasu ma ruwa suke watsa wa zane don launin ya fito a hoto, ba su san wanke shi suke yi ba.

Kuma mu ba baƙin ziyara ba ne. Makarantu na ɗebo ɗalibai su kawo su madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, a nan ƙasar Karaye. Yaranmu na zuwa Dutsen Dala da Gidan Makama a birni. Alhazanmu da masu Umara da yawa suna hawa dutsen da Kogon Hira yake, duk da malamai sun bayyana cewa ba ya cikin ayyukan Hajji, kuma duk wanda ya hau ya ga yadda aka cika duwatsun wajen da rubutun sunaye da fenti. Idan wuri mai wannan daraja a zukatan Musulmi bai tsira daga hannun masu ƙaunarsa ba, ina ga dutsen bayan gari wanda ba a ma san darajarsa ba? Mafi yawan masu ɓarnar nan ba mugaye ba ne. So suke su bar alamar cewa sun zo, kuma ba wanda ya tsaya a gabansu ya gaya musu abin da suke takawa. Wannan tsayuwar ita ce aikin ja-gora.

Akwai masu cewa dutse na Allah ne, don me za a biya kafin a gan shi? Dutsen na Allah ne, babu ja. Amma hanyar da aka share, da ƙarfen dafawa, da mutumin da ya bar gonarsa ya wuni a wurin, waɗannan ba sa zuwa kyauta. Mu dubi maƙwabtanmu. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Da labarinsu ya bazu, sai aka fara hawa kansu, ana karce su, ana ɓalle gefensu. Maganin da aka yi shi ne aka zaunar da wasu Buzaye 'yan yankin a wurin, aka haƙa rijiya, su ne masu gadi su ne kuma masu raka baƙi. Mutumin da abincinsa ya ta'allaƙa da zanen nan ba zai zuba ido a lalata shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi kuɗi a bakin ƙofa ya zarce ofis, wurin na nan ba shara ba gyara, mai rakiya na roƙon na goro. In haka ta faru, mai ƙorafi ya yi gaskiya, kuma ina bayansa. Gyaran shi ne kuɗin ya zama kaɗan, a rubuce, da rasit, 'yan makaranta a yi musu rangwame, mutanen garin su san kasonsu. Kuma kada a raina ilimin ɗan gari. Kogon Mammoth na Amurka, wanda ya fi kowane kogo tsawo a duniya, fitaccen ja-goransa na farko-farko bawa ne mai suna Stephen Bishop. Shi ya ratsa ramukan da ba wanda ya taɓa ƙetarewa, kuma a 1842 ya zana taswirar kogon da ka, aka yi shekaru ana aiki da ita. Makiyayi ko maharbin da ya san kowace tsaga ta dutsen ƙauyensu ya riga ya yi rabin karatun. Abin da ya rage a ƙara masa tarihi da taimakon gaggawa da ladabin karɓar baƙo.

Ƙorafi na gaba ya fi nauyi, kuma daga mutanen kirki yake fitowa. Suna cewa duwatsu da kogwanni a ƙasar Hausa wuraren tsafi ne a da, ana danganta su da iskoki, raya su zai iya jawo mutane su koma neman tabarraki a inda bai dace ba. Tarihin Dala da Barbushe da Tsumburbura sananne ne, ba mai musun sa. Amma ina roƙon a duba da kyau a ga wane wuri ne camfi ya fi yin ƙarfi a kansa: wanda ake zuwa da rana tsaka da malami da ɗalibai ana bayanin yadda ruwa da zafi suka tsaga dutse, ko wanda aka bari a kufai ba mai zuwa sai mai neman asiri da dare? Kogo ba baƙo ba ne a addininmu. Wahayi a kogo ya fara sauka, a kogo Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fake da Sayyidina Abubakar a hanyar hijira, kuma akwai surar da muke karantawa ranar Juma'a mai ɗauke da labarin samarin da suka fake a kogo. A Habasha akwai kogon farar ƙasa mai tsawon kilomita 15, wanda kogin Weyib ke ratsawa, sunansa Sof Omar, sunan wani shehin Musulmi da ya zauna a wurin, kuma mutanen ƙauyen ne ke raka baƙi ciki. Inda nake ba masu wannan ƙorafi gaskiya shi ne a kan ja-goran da bai san komai ba sai ƙirƙira. Irinsa zai ce wannan ramin ya ɓulle Makka, wancan sawun wane ne, don kawai baƙo ya buɗe baki ya ƙara masa kuɗi. Wannan ya fi rashin ja-gora muni, domin ɗalibi zai koma gida da ƙarya yana zaton ilimi ne. Dole a koya wa mai rakiya ya raba zance uku: ga abin da aka auna aka tabbatar, ga abin da dattawa suka ce, ga abin da ba wanda ya sani. Labarin dattawa dukiya ne, a faɗe shi da sunansa, kada a sa masa rigar bincike.

Saura maganar da ta fi kowace kusa da mu, wato ta abinci. Ana cewa mutane na fama da tsadar taki da matsalar tsaro, ga matasa ba aikin yi, fasa dutse kuwa sana'a ce mai kawo kuɗi yau-yau; wa ke ta zanen shanu? Ba na cikin masu zagin mai fasa dutse. Gidajenmu da gadojinmu da makarantunmu da tsakuwa da siminti aka yi su, ita kanta madatsar Challawa da duwatsu aka cike ta. Dutse yana da yawa a ƙasar nan, wanda ke ɗauke da zane ko mafaka ko tsohuwar maƙera kuwa ƙalilan ne. Ba a ce a daina fasawa ba, an ce a san wanda za a tsallake. Nakiya ɗaya ta isa ta gama da abin da ba kuɗin da zai dawo da shi, tirelar tsakuwar da aka samu kuwa ana iya samun irinta a dutsen gaba. Dokar ma'adinai ta tarayya ta 2007 ta keɓe wuraren da ke ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa daga haƙa, amma doka ba ta kare abin da ba a rubuta ba. Wurin da ba ya cikin kowane littafi, ranar da aka ba da lasisi a kansa ba mai hujjar da zai tsaya da ita.

Shi ya sa matakin farko ba ya bukatar bajat. Masu unguwanni da dagatai da hakimai a Masarautar Karaye sun san ƙasarsu taku-taku. Kowane dagaci zai iya tara dattawa da makiyaya da maharba a tambaye su: wane dutse ne ke da suna, wanne ke da mafaka, a ina ake ganin zane ko kashin maƙera ko fasassun tukwane ko ramukan niƙa a kan fa? Malamin labarin ƙasa na sakandaren da ke kusa ya je da su ya ɗauki hoto da wayarsa, ba tare da ya taɓa ko ya jiƙa komai ba, ya rubuta sunan wurin da abin da aka faɗa da wanda ya faɗa. A ajiye kwafi a fadar hakimi, a aika wani ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wani kuma ga ofishin hukumar tarayya da ke Gidan Makama. Kada a yi saurin baza hoton da kwatancen wurin a Facebook kafin a sami mai tsaronsa, domin sau da yawa talla ce ke riga kariya isowa. Shugabannin makarantu kuma, kafin motar ziyara ta tashi zuwa Birnin Kudu ko Yankari ko Dala, a tuntuɓi masu kula da wurin a nemi mai rakiya, a raba yara ƙungiya-ƙungiya yadda murya ɗaya za ta isa kowa, a karɓe alli da maka da fenti tun a mota, a ƙirga su wajen shiga a ƙirga su wajen fita, kuma in damina ce a tambaya ko wurin na shiguwa kafin a sa rana.